Kwana shida a Tokyo: Kevin Cordon, rufin zaure da iskar Tawa

Tsakanin Tokyo da Tawa awa takwas ne. Wasan da aka fara da hantsi a can, mu nan tsakar dare yake riskarmu, na yammacinsu kuwa yana faɗo mana da rana tsaka. A daminar 2021, lokacin da lakwal ke hutu, haka muka bi gasar badmintan ta maza ƴan ɗaiɗai a wasannin Olamfik: wani wasan mu gan shi kai tsaye a waya idan intanet ya yarda, wani kuma sai gari ya waye mu nemo shi. Ni malamin motsa jiki ne a wata kwalej a nan cikin gari, ina da yara kaɗan da nake koya wa wannan wasa da rakat shida da wani ɗan uwa ya kawo mini daga Yamai. A fadarmu kuwa, inda ake dafa shayi bayan isha'i, zancen tamaula da kokowa ne ke ci. Ranar da na fara ɗora waya a kan benci ina kallon mutum biyu suna bugun abin gashi, wani dattijo da muke zama da shi ya leƙo, ya ce:

"Mushe, wanga wasa na mi ne? Ƙatti biyu suna korar ɗan tsako?"

Na ce, "Baba, zauna ka ga turmi guda, in bai kama ka ba na kashe wayar."

Bai tashi ba sai da aka gama. Kuma abin da ya riƙe shi shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu: labarin mutum guda daga ƙasar da, kamar tamu, ba a san ta da wannan wasa ba, wanda ya kai cikin mutum huɗu na ƙarshe a duniya. Na daɗe ina juya lamarin, domin ina ganin an fi ba da shi a matsayin abin al'ajabi, ni kuwa da na bi sawunsa, aiki na gani wanda ake iya lissafawa.

Mutumin da filin

An haifi Kevin Cordon ranar 28 ga Nuwamba 1986 a La Union, wani ƙaramin gari a yankin Zacapa, gabashin Gwatamala, kusa da iyakar Honduras. Mahaifinsa mai son tamaula ne, shi ya sa ya raɗa masa sunan ɗan wasan Ingila Kevin Keegan. Yaron ya kama badmintan, kuma tun yana ƙarami ya bar gida ya tafi babban birni domin karatu da horo. Mu mutanen Adar mun san irin wannan tafiya. Babu gidan da bai taɓa raka yaro tasha ba. Bambancin kawai, shi da ya sauka ya tarar da zaure da mai horarwa suna jiransa.

Bahago ne, da hagu yake riƙe rakat. Ya je Olamfik na Beijin a 2008, aka fitar da shi a wasan farko. A 2011, a gasar duniya da aka yi a Landan, ya kayar da Chen Long na Sin a zagayen farko, ya kai cikin ƴan takwas, inda Lee Chong Wei na Malesiya ya tsayar da shi. A Olamfik na 2012 ya fita daga rukuninsa ya kai cikin ƴan 16. A Riyo, 2016, rauni ya sa ya janye bayan wasa guda. A tsakanin waɗannan shekaru ya ci zinariyar wasannin nahiyar Amurka sau biyu, a Gwadalahara 2011 da Toronto 2015. Da ya iso Tokyo yana da shekara 34, yana na 59 a jerin gwanayen duniya. A wasan da ke cin gwiwa da idon sawu, mai shekara 34 ana yi masa kallon wanda ya zo sallama.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Filin ƴan ɗaiɗai tsawonsa mita 13.40, faɗinsa mita 5.18. Raga tana tsakiya, tsayinta mita 1.55 a wurin sanduna. Ƙwallon, wanda muke ce wa bolan, gashin dinya ne ko na agwagwa guda 16 da aka kafa a kan ɗan kai mai taushi, nauyinsa daga giram 4.74 zuwa 5.50. Goro guda ya fi shi nauyi. A gasar Tokyo kowane turmi maki 21 ne, wanda ya ci turmi biyu cikin uku ya yi kaye. Idan aka yi 20 da 20 sai wani ya ba da ratar maki biyu, amma ba a wuce 30. Duk bugun da ya mutu maki ne ga wani, ko kai ka buɗe ko ba kai ba. Ana ɗan shan iska na daƙiƙa 60 idan na gaba ya kai 11, da minti biyu tsakanin turmi da turmi. Shi ke nan. Babu abokin wasa da zai rufa maka asiri, babu canji, babu jan lokaci har alƙali ya busa.

Tun da aka shigar da badmintan cikin Olamfik a Basalona a 1992, zinariyar maza ƴan ɗaiɗai ba ta taɓa fita daga hannun ƙasa uku ba: Indunusiya, Danmak da Sin. Wannan shi ne gidan da ɗan Gwatamala ya shigo.

Yadda kwanakin suka tafi

An yi gasar a zauren Musashino, babu ƴan kallo saboda annobar korona. An raba ƴan wasa rukuni 14, kuma mutum guda kaɗai ke fita daga kowane rukuni. Cordon ya faɗa tare da Lino Muñoz na Meksiko da Ng Ka Long na Hon Kon, wanda aka jera a matsayi na takwas cikin manyan gasar. Ya wuce Muñoz, wanda dama sun saba haɗuwa a nahiyarsu. Ranar 28 ga Yuli ya gamu da Ng. Turmin farko ya kai 20 da 20, Cordon ya ɗauke shi 22 da 20, na biyu kuma 21 da 13.

A wannan rana ce kuma aka yi babbar girgiza. Kento Momota na Japan, na ɗaya a duniya, zakaran duniya na 2018 da 2019, wanda ya ci kofi 11 a shekarar 2019 kaɗai, ya sha kaye a gida a hannun Heo Kwang-hee na Koriya ta Kudu, 21 da 15, 21 da 19. Momota ya yi mummunan haɗarin mota a Malesiya a Janairun 2020, direbansa ya rasu, shi kuma aka yi masa aiki a ƙashin ido. Bai dawo yadda yake ba. A rukunin da ke maƙwabtaka da na Cordon ma babban da aka jera, Sai Praneeth na Indiya, ya faɗi, Mark Caljouw na Holan ya fito. Wato a wannan kusurwa ta jadawali duka manyan uku sun zube tun a rukuni. Dole in faɗi wannan, domin wanda ya ɓoye shi bai yi wa labarin adalci ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ɗaya daga cikin tsagun nan uku da hannunsa ya yi ta, kuma mutum uku ne suka tsaya a bakin bangon, guda ne ya shige.

Wasan da na fi son mu tsaya a kansa shi ne na ranar 29 ga Yuli, da Caljouw. Na kalle shi ya fi sau goma, ina kuma nuna wa yarana shi duk shekara. Cordon ya ci turmin farko 21 da 17. A na biyu aka yi masa 21 da 3. Maki uku. A wannan mataki na wasa, ko yaro aka saka da babba ba a cika ganin irin wannan rata ba. Dattijon fadarmu ya tafa hannu ya ce, "To, Mushe, mutumenka ya ƙare. Ƙaƙa za ya tashi daga wanga?" Sai ga shi ya dawo ya ci turmi na uku 21 da 19.

Abin da ni nake karantawa a nan, a matsayina na mai koyarwa, shi ne lissafin ƙarfi. Turmin da aka ci ka 21 da 19 da wanda aka ci ka 21 da 3, a kan allo duk turmi guda ne ka rasa. A cinya da huhu kuwa ba ɗaya ba ne. Yaro idan aka ba shi ratar maki takwas ko tara, zuciya ce ke ɗibarsa, ya dinga bin kowane bolan har kusurwa, ya ƙona abin da ke jikinsa don ya rage kunya, ya iso turmi na uku babu komai a ƙafa. Mai shekara 34 da ya san iyakar gwiwarsa, idan ya ga turmi ya kuɓuce, abin da ya fi masa shi ne ya tattala numfashi ya jira wanda ke yanke hukunci. Akwai kuma maganar iska. Ko a zauren da ke rufe, na'urar sanyaya wuri tana tura iska ta gefe guda, bolan ya riƙa zarce layi daga wannan ɓangare, ya riƙa gazawa daga wancan. Shi ya sa ake sauya gefe bayan kowane turmi, a na uku kuma ake sake sauyawa idan an kai 11. Gogaggen ɗan wasa yana shigar da wannan duka cikin lissafinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ya shigo turmi na uku fuskarsa babu alamar wanda aka wulaƙanta mintuna biyu da suka wuce. Wannan ba a haihuwar mutum da shi. Sai an sha kaye a gaban mutane shekara da shekaru, an kwana, an tashi, an sake ɗaura takalmi.

Ranar 31 ga Yuli ya haɗu da Heo, wanda ya samu hutu saboda rukunin Momota ba ya buga zagayen ƴan 16. Cordon bai ba shi damar zama ba. Salonsa na kai hari ne: ya yi tsalle ya sara bolan ƙasa, ya ruga raga ya tare amsa. Bahagon hannu kuma yana rikita wanda ya saba da na dama, domin kusurwar da ka saba jefa wa mutum don ka matsa masa ta bayan hannu, a wurin bahago nan ne ƙarfinsa yake. Aka tashi 21 da 13, 21 da 18. Ya zube a ƙasa yana kuka. Shi ne ɗan Latin Amurka na farko da ya kai cikin ƴan huɗu a badmintan na Olamfik.

Daga nan hanya ta ƙare. Viktor Axelsen na Danmak, dogo mai mita 1.94, zakaran duniya na 2017, ya ci shi 21 da 18, 21 da 11 ranar 1 ga Agusta. Kashegari Anthony Ginting na Indunusiya, wanda Cordon ya girma da kusan shekara goma, ya ɗauki tagulla 21 da 11, 21 da 13. Axelsen ya ci zinariya a kan Chen Long, 21 da 15, 21 da 12, bai rasa turmi ko guda ba a duk gasar. Cordon ya koma gida na huɗu, hannu babu lamba. A kokowa ma wanda ya zo na huɗu ba shi ke ɗaukar takobi ba, amma duk wanda ya taɓa zama a filin ya san abin da ake nufi da a ce mutum ya kai ranar ƙarshe yana tsaye.

Da wane ruwa aka ja wannan

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan aka cire sa'ar jadawali, wadda na riga na ba ta haƙƙinta, abu uku ke saura, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙin gani shi ne mai horarwa. Wanda ya zauna a bayan Cordon a Tokyo ɗan Indunusiya ne, Muamar Qadafi. Ƙasar da ba ta da ilimin wani abu ta je ta ɗauko shi daga inda yake. Babu abin kunya a ciki. Abdoul Razak Issoufou Alfaga da ya kawo mana azurfa a tekwando daga Riyo a 2016, shekara 44 bayan tagullar Issaka Daborg a damben Munik na 1972, a Jamus ya yi horonsa.

Na biyu shi ne tsani. Cordon bai tashi daga ƙauye ya dira a Tokyo ba. Akwai gasar ƙasa, akwai ta yankin Amurka ta Tsakiya, akwai ta nahiya, akwai ƙananan gasa na duniya da ake tara maki a cikinsu. Shiga Olamfik a wannan wasa da maki ake yi, waɗanda ake tarawa a tsawon shekara guda ta yawon gasa daga wannan ƙasa zuwa waccan, ko da yake an tanadi gurbi aƙalla guda ga kowace nahiya. Ma'anarsa tikitin jirgi, masauki, biza, shekara bayan shekara, har da shekarun da babu abin nunawa. Tsakanin fitowarsa ta farko a 2008 da daren da ya kayar da Heo shekara 13 ne. Wani ya ci gaba da biya bayan Riyo, lokacin da mutumin ke da shekara kusan 30 da ƙafa mai ciwo. Mu a nan mun san tsani sarai, domin muna da shi a kokowa: daga dandalin ƙauye zuwa gunduma, zuwa jiha, sannan kowace jiha cikin takwas ta fitar da mutum goma su je neman takobi. Shi ya sa ba mu taɓa rasa ɗan kokowa ba. Inda muka kafa tsani, yaranmu suna hawa.

Na uku shi ne wanda ya hana ni barci, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a ido: rufi. Lokacin da korona ta sa aka rufe wuraren horo, Cordon ya koma garinsu. Babu zauren wasa a buɗe. Sai ya nemi izini aka ba shi zauren taro na cocin garin, aka shirya fili a ciki, ya ci gaba da atisaye a nan. Mutanen gari suka ba ɗansu bango huɗu da rufi a lokacin da ya fi buƙata. Duk sauran abubuwan, mai horarwa daga Indunusiya da tikitin jirgi, da sun tashi a banza in da ya yi watanni babu inda zai buga.

Me ya sa rufi ya kai haka? Saboda halin bolan. Idan gwani ya sara shi yana barin rakat da gudun da ke iya wuce kilomita 400 a awa, amma gashin yana kama iska nan take, gudun ya mutu, in kuma sama aka tura shi ya faɗo kusan a tsaye. Dukan wasan a kan wannan hali aka gina shi: ka san daidai inda abin zai mutu, ka ajiye shi taƙi guda cikin layi. Abin da bai kai giram shida ba, iskar da ba ta isa ta ɗaga gefen riga ba tana iya kauce da shi kamu guda. Yaron da ya koya a waje yana koyon bin iska ne, hannunsa ba ya taɓa sanin ma'auni.

Nan gida

To ga Tawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin da ba a tsayawa a fili bayan hantsi. Da damina kuma hadari na iya tasowa kowane lokaci, da guguwar da ke gabansa. A farfajiyar lakwal ɗinmu lokacin da iska ke kwanciya shi ne daga sallar asuba zuwa fitowar rana, wani lokaci kuma dab da magariba. Da toka muke ja layi. Sandunan raga ƙarfen gini ne da aka dasa a cikin tsofaffin tayoyi da siminti. Bolan na gashi yana zuwa dozin guda a kwali, kuma yara masu ƙarfi suna iya kashe guda a turmi ɗaya, don haka na roba muke amfani da shi, wanda tashinsa daban ne. Idan igiyar rakat ta tsinke babu mai ɗaura ta a garin, sai an jira mai zuwa Yamai ko Sakkwato.

Hukumar badmintan ta duniya ta san wannan matsala. A 2019 ta fito da wani salo na wasan waje mai bolan da ya fi jure iska, tana kuma da shirin koyar da wasan a makarantu. Ina maraba da su, suna jawo yara. Amma a Olamfik da wasannin Afirka a cikin zaure ake bugawa, da gashi, kuma yaron da ake so ya kai can dole wata rana ya shiga ƙarƙashin rufi.

Na nema. Akwai wani zaure a garin nan mai tsayi da daɓe mai kyau, wanda yawancin kwanaki a kulle yake sai in za a yi taro ko biki. Na rubuta takarda, na kai, na koma, na sake komawa. Aka ce a jira mai sa hannu. Da ya zo aka ce sai an biya kuɗin haya irin na masu biki, ga kuɗin lantarki. Na ce da safe muke so, ba mu buƙatar fitila, mu za mu share. Aka ce za a duba. Shekara ta juyo ba a gama dubawa ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba, na san wanda bai taɓa ganin wasan ba ba zai gane dalilin da zai sa a buɗe babban zaure saboda yara takwas da abin gashi ba. Amma abin ya yi mini ciwo, domin a daidai wannan wuri ne labarinmu ya rabu da na La Union. Su da aka ƙwanƙwasa, an buɗe.

Kada kuma a ce wannan wasan mutanen Asiya ne, jikinmu bai dace da shi ba. Maƙwabtanmu sun riga sun amsa. Anuoluwapo Opeyori, ɗan Legas, ya ci zinariyar maza ƴan ɗaiɗai a wasannin Afirka na Maroko a 2019, ya sake ci a Akara a Maris 2024, inda ya kara da ɗan ƙasarsu Godwin Olofua a wasan ƙarshe. Ya je Olamfik na Paris a 2024, shi ne ma ɗaya daga cikin masu riƙe tutar Najeriya. Moris, tsibirin da mutanensa ba su kai na jihar Tawa ba, ta tura Julien Paul Tokyo. Ni da nake auna yara a tsere da tsalle kowace shekara na san abin da ke cikin ƙafafun ƴaƴan Adar. Yaron da ya tashi yana wasan langa da ƙafa guda, yana tsallen rijiya da guga, ba sai an koya masa daidaita jiki ba.

Cikin yaran da suka kalli wasan Heo tare da ni akwai wani bahago, lokacin yana aji na biyu a kwalej. Da Cordon ya faɗi yana kuka, yaron ya dube ni ya ce, "Mushe, ashe da hagu ma ana zuwa?" A gida an sha buge masa hannu don ya daina miƙa abu da hagu. Daga ranar ya zama shi ke fara zuwa, shi ke ɗauko toka. Cikin shekara biyu babu mai cin turmi a kansa a cikinmu, har da ni. Amma babu wanda zai kara da shi ya fi shi, babu gasar da zan kai shi, kuma gwani ba ya ƙaruwa sai da wanda ya fi shi. Da ya kai shekara 17 yayansa ya aiko masa da kuɗin mota zuwa Abijan. Ya zo ya yi mini sallama da rakat a hannu, ya ce, "Mushe, a ba ƙanena, shi ma yana so." Na ce, "Allah ya tsare hanya, ɗana, ya ba da abin da aka je nema." Ban ce ya zauna ba. Da me zan riƙe shi? Cordon ma ya bar gida yana yaro. Shi tafiyarsa ta kai shi zaure, nawa kuwa ta kai shi kasuwa.

Cordon ya sake zuwa Paris a 2024, Olamfik ɗinsa na biyar, ya riƙe tutar Gwatamala a bikin buɗewa, bai wuce rukuni ba. Axelsen ya sake cin zinariya, a kan Kunlavut Vitidsarn na Tailan, 21 da 11 sau biyu. Wato gidan ya koma hannun masu shi, kuma ban ga alamar ƙaramar ƙasa za ta karɓe shi nan kusa ba. Ni ma ba zinariyar Olamfik nake nema wa Tawa ba. Abin da nake nema shi ne matakin farko na tsanin, a samu inda yaro zai buga wata goma sha biyu a shekara, a samu gasa tsakanin lakwal da lakwal, sannan tsakanin Tawa da Ƙonni da Madawa, har wata rana mota ta ɗauki yara huɗu zuwa Yamai.

Rufin da muka samu daga ƙarshe ta hannun dattijon fadarmu ya zo, wanda ya ce ƙatti na korar ɗan tsako. Yana da aboki ɗan kasuwa mai magaza inda yake tara wake da gero. Idan kaya suka fita, wurin yakan zauna fayau wata da watanni. Baba ya ɗauke ni muka je, ya ce masa, "Alhaji, yaran Mushe ne ka biɗar inuwa. Ba su taɓa maka komi, kuma ni na tsaya musu." Alhaji ya dube ni, ya tambayi ko wasan na caca ne. Na ce a'a. Ya tambayi ko zai hana su sallah ko karatu. Na ce in ya hana, ni zan fara rufe ƙofar. Ya miƙo mabuɗi.

Magazar ta ɗauki fili guda cif, da ɗan wurin ja da baya. Daɓen siminti ne, mun ja layi da fenti, karon farko da layinmu ya kwana ya tashi yana nan. Ranar farko da yara suka buga a ciki sun yi ta zarce layi, domin hannunsu ya saba da ƙara ƙarfi saboda iska. Sai da aka yi mako biyu kafin su yarda cewa inda suka aika bolan nan zai je. Matsalar da ta rage ita ce tsayi. A manyan gasa ana son mita 12 daga ƙasa zuwa rufi, namu kuwa kwanon bai kai rabin haka ba. Saboda haka dogon bugun sama, wanda ke tura abokin karawa har ƙarshen fili ya ba ka lokacin komawa tsakiya, ba ya yiwuwa a ciki, bolan sai ya daki kwano ya faɗo. Shi muke fita waje mu koya bayan asuba, kafin iska ta farka. Wasan raga da sara da aikin ƙafa kuma a magaza, Laraba da yamma da Asabar da safe. Yara goma sha ɗaya ne yanzu, uku mata. Ƙanen bahagon yana cikinsu, da dama yake bugawa, da rakat ɗin yayansa.

Alhaji ya aiko jiya cewa motocin wake za su fara shigowa ƙarshen wata. Ranar Asabar za mu kwance raga, mu share, in mayar masa da mabuɗi sai kaya sun fita.